Ciyawar Teku da Nonon Halifa

Hindawiyya, Makka.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi miki barka da arba'in. Allah ya ƙara miki lafiya, ya raya Halifa, ya sa hanyar Yambu ta yi muku sauƙi, ku sauka kamar yadda kuka tashi. Ki gaida mijinki Nasiru, ki ce surukinsa yana gode masa da haƙurin zaman kaɗaici da ya yi tun da kika zo wankan gida.

Za ki yi mamakin takarda daga mutumin da bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da naki. Dalili shi ne tun ranar suna gidan nan ya daina zama nawa. Mata a falo, mata a kicin, mata a kan matakala, kuma ba a yi wa 'yar fari doguwar magana a gaban mutane. Na yi tunanin saƙon murya, sai na tuna yadda kike sauraron nawa: waya a kan firji, ke kina wanke-wanke. Takarda kuwa dole a zauna. Na san Hausar boko ta fi Larabci yi miki nauyi. Ni ma sai da gemuna ya yi fari na koye ta a makarantar dare, don haka ba za ki haɗu da kalma mai wuya ba. Inda kika tsaya, Nasiru ya karanta miki. Da ma ina so ya ji.

Farin cikina ba sai na faɗa ba. Mahaifiyarki ta riga ta gaya wa unguwa cewa na tsufa na lalace, wai an gan ni a baƙalar Bayamane, kantin unguwa, ina nuna wa mai awo hoton jariri. Gaskiya ne. Na nuna wa direban tasi ma. Ranar da Nasiru ya raɗa wa yaron sunana, na rasa inda zan sa idona a cikin maza. Ya zo ya ƙwace min suna, ya ƙwace min mata, a gabana take kiransa maigida, ya ƙwace min gefen falon da iskar na'ura ta fi bugawa. Duk na yafe masa. Abu ɗaya ne ba zan kau da kai a kansa ba, shi ne abin da zai shiga cikinsa.

Ranar Litinin da hantsi ina ɗaure akwatinki a falo na ji ku a kicin. Kina cewa, "Mama, Nasiru ya ce a bayan gidanmu teku ke zubo ciyawar nan bakin gaɓa. Balash, kyauta, ba mai hana ki. Bokiti kawai za ki kawo."

"To ai shi ke nan," in ji mahaifiyarki. "Ki ɗebo da yawa, ki wanke, ki shanya, ki daka kamar kuka. Ki riƙa zubawa a kunu safe da yamma. Na sa miki ƙaramin turmi da tabarmar shanya. Ki aiko min da rabona, akwai masu ciki a layin nan, ga alhazanmu na Rano suna tafe."

Na sa baki daga falo, na ce a bi ciyawar nan a hankali. Kika leƙo kina dariya, kika ce, "Ya Baba, ba kai ka koya mana duk abin da ya fito daga teku halal ne ba?"

"Rabu da shi," in ji ta. "Tun da ya shiga makarantar dare, ko gishiri sai ya karanta bayansa. Shekarar miyar teku wa ya fi shi loma? Ga mu nan, ba mu mutu ba."

Na koma kan ɗaure akwati. A tsaye ban taɓa cin mahaifiyarki da magana ba. A zaune da biro ne nake da 'yar dama.

Na san inda abin ya faro. A makon farko na jegonki, Maman Fikri, maƙwabciyarmu 'yar Jawa ta Indonesiya, ta kawo busasshiyar ciyawar teku a leda, ta dafa miki romon kaza da ita. Ta ce 'yarta da ta yi aiki a Koriya ce ta koya mata, haka suke yi wa mai jego a can. Kika sha, kika ji daɗi, nono ya zo. Mahaifiyarki ta ce ciyawar ce. Wataƙila ita ce, wataƙila romon kazar ne, wataƙila lokacinsa ne ya yi. Daga nan ta daka sauran ta cika kwalba, ta shiga zuba miki a kunu kullum. Yanzu kwalbar ta yi ƙasa, kuma an ce ga teku a bayan gida.

Bari in ba ki labarin shekarar miyar teku yadda yake, don ke daga bakin mai ba da dariya kika ji shi.

Lokacin ba a haife ki ba. Ina aiki a Jidda, a wani wurin gyaran jiragen ruwa, ina zuwa Makka ƙarshen mako. Aikina kankare jikin jirgi. Ana jawo shi tudu, mu bi shi da ƙarfe da injin gurza, mu fid da tsohon fenti da tsatsa, sannan a wanke da tiyo. Ruwan wankin, ja-ja baƙi-baƙi, yana bin wata kwata ya koma teku. Ba wanda ya taɓa ce mana komai a kansa, mu ma ba mu tambaya ba.

Akwai wani mai walda ɗan Filifin da muke kira Mandu. Da rana yakan buɗe kwanonsa, in ga wata koriyar ciyawa mai 'yan ƙwayoyi kamar ƙananan inabi, da albasa da tumatir da lemun tsami. Ya ɗanɗana min. Gishiri-gishiri, tana fashewa a baki. Wani mai kwale-kwale ne yake kawo musu daga can kudu, inda ba jirage. A lokacin kuka wuya take a Makka. Sai alhazai sun zo da ita, kafin Rajab ta ƙare, mu koma lalon Larabawa da suke kira mulukiyya, mahaifiyarki tana kaɗawa tana tsaki.

Sai na lura a bayan wurin aikinmu, a kan duwatsun da ke ƙasan kwatar, ciyawa ta yi kore shar, ta fi ta ko'ina kauri. Na ce ga ganye Allah ya ajiye, na shiga da buhu. Mandu ya hango ni daga kan jirgi, ya sauko da gilashin walda a goshi, yana nuna kwata yana nuna buhu, da Larabcinsa na leburori: "Sadik, haza mafi kwayyis. Moya wasak. Mafi akil." Wato aboki, wannan ba kyau, ruwan datti ne, ba a ci.

Na ce masa a addininmu ruwan teku mai tsarki ne, mushensa ma halal ne. Na ɗaga murya don Hausawan da ke wurin su ji, suka kuwa ce ƙwarai. A raina na ce wannan bai yi karatun tsarki ba, ina zai sani. Ya ɗaga kafaɗa ya koma kan waldarsa.

Mahaifiyarki ta wanke ta wanki bayan wanki, ta shanya a saman bene, ta daka, ta tankaɗe, ta haɗa da 'yar sauran kukarmu. Da daddawa da barkono miya ta yi. Ta yi daɗi, kuma gaskiya ne na fi kowa loma. Muka ci har alhazai suka dawo.

A ƙarshen shekarar wani sabon kafili, wato ubangidan ma'aikata, ya karɓi wurin, ya sa aka ɗebi jinin duk masu kankara. Aka ce akwai dalma a jinina fiye da kima. Likitan ya ce mai yiwuwa ƙurar fenti ce. Da na ba shi labarin miyar, ya ajiye biro ya dube ni, ya ce to yanzu ba zai iya raba min ba, wanne ya bi ta hanci, wanne ya bi ta baki. Aka canja min aiki. Na mahaifiyarki ba a ɗiba ba. Ta yi fama da ciwon ciki da kasala a shekarar, ita da ba ta taɓa riƙe ƙarfen kankara ba. Ta ce sanyi ne, ta sha jiƙo, ya wuce. Ban san ko miyar ce ba, kuma ba zan ce na sani ba. Abin da na sani, manya biyu ne suka ci, ba ciki, ba goyo. Wannan ne kaɗai ya sa yau labarin yake ba da dariya.

Abin da na gaya wa Mandu gaskiya ne, amma amsar wata tambaya ce daban. Shi kuma shi kika maimaita min ranar Litinin. Na taɓa kai maganar wurin Malam Sabi'u, wanda ya koya mana karatu a makarantar dare. Ya ce, "Halal ce, Baba Idi, babu saɓani. Amma littafin ya gaya maka ba ka yi zunubi ba ne. Bai gaya maka abin da aka zuba a kwata ba. Ruwan rijiya ma mai tsarki ne. In ka ga an wanke batir a ciki, za ka ba jikanka?" Lokacin ba ni da jika, na yi dariya. Ki riƙe tambayoyin nan biyu daban-daban, Ummi. Ta farko a wurin malami ake yin ta. Ta biyu malamin kirki da kansa zai tura ki wurin likita.

Ni ma can na tafi. Ranar Talata na sa kwalbar mahaifiyarki a aljihu, na je mustausaf, ƙaramin asibitin da ake auna Halifa, wurin likitar nan Basudaniya mai tabarau. Na ajiye mata a tebur na ce ta duba min. Ta buɗe, ta sansana, ta rufe. Ta ce, "Ya Hajj, ido gare ni irin naka. Wannan sai ɗakin gwaji, da injin da ba mu da shi a nan." Amma ta ba ni lokaci, ta yi min bayani, ga shi yadda na fahimta.

Ciyawar teku ba ta da saiwa irin ta rama ko zogale. Da duk jikinta take sha, kamar soso. Abin da ke ruwan shi take tarawa, mai kyau da marar kyau, kuma tana tara shi fiye da yadda yake a ruwan. Daga nan albarkarta take, daga nan kuma haɗarinta. In ruwan yana kusa da jirage ko ma'aikatu ko bakin magudana, tana iya ɗaukar dalma, da zaiba, da wani da ta kira kadmiyam, da zarniki wanda a da ake haɗa maganin ɓera da shi. Ba su da wari, ba su da ɗanɗano, ba sa canja launin ganye. Sau da yawa ma a bakin kwata ta fi yin kore da kauri, kamar yadda na gani da idona. Rana ba ta kashe su, don ba rai gare su ba. Wanki yana fid da yashi. Jiƙawa da tafasawa a zubar da ruwan suna rage wasu, amma abin da ya shiga naman ganyen ba ya fita duka. Da na ce mata mu dakawa muke yi, sai ta ce to a nan ne lissafin yake ɓata: buhu guda ya koma kwalba guda, duk abin da ke buhun yana kwalbar, kuma da cokali ake ɗiba ba a jin yawansa.

Mu mutanen tudu ne. Duk abin da muka sani na ganye a kan ganyen gona muka san shi: a wanke, a shanya, a daka, an gama. Ilimi ne mai kyau, shi ya riƙe kakanninmu a rani. Amma bai san teku ba.

Kin tuna lokacin da muke jin labarin yaran Zamfara da gubar dalma a rediyo? Manya suna yawo da ƙafafunsu, ƙanana ne suka kwanta. Likitar ta ce haka abin yake ko'ina. Jikin jariri ya fi saurin ɗauka, ƙwaƙwalwarsa ginuwa take yi, kuma wani ɓangare na abin da uwa ta ci yana bi ta nono. Ba lallai a ga komai yau ba. Sai an sa yaro makaranta a ga yana baya, a ce ƙwaƙwalwar gidan ubansa ce. Don haka "mun ci ba mu mutu ba" ba awo ba ne. Ba mutuwa kaɗai nake jiye wa Halifa ba.

Kuskurena na biyu akasin na farko ne, kuma ya fi daɗewa. Daga ranar da aka ba ni sakamakon jinin na hana duk abin teku shiga gidana. Kin taso kina tsammanin ba na son kifi. Ina so. Tsoro ne ya hana ni, ku kuma ya hana ku abinci mai kyau shekara da shekaru. Wani azumi Maman Fikri ta aiko da buɗa-baki, wannan abin mai santsi launi-launi da suke yankawa kamar alewa. Na tambaya da me ake yi, aka ce da garin ciyawar teku. Na ɗauki farantin da kaina na hau sama, na mayar a gaban mijinta, na ce mu ba ma cin guba. Har bayan salla ba mu gaisa ba, sai da mahaifiyarki ta yi ta hawa da sauka da kwanon tuwo kafin abin ya gyaru. Mutanen da kakanninsu suka ci abu tun kafin a san mu, ni da na ci shekara ɗaya daga bakin kwata na je ina koya musu.

Don haka kada takardar nan ta sa ki raina kyautar Maman Fikri, ko ki yi wa wata maƙwabciya a Yambu irin abin da na yi. Likitar ta ce abinci ne na kirki in ya fito daga ruwa mai tsabta. Akwai sinadarin da ke ƙara jini, akwai na ƙashi irin wanda ke madara, akwai abin da ke sassauta ciki irin na dusa, kuma ba mai, ba sukari. Akwai wasu kuma da ta kira mudaddatul aksada. Na ce ta fassara. Ta tambaye ni aikina na da, da na gaya mata sai ta ce, "To ai ka san tsatsa. Jiki ma yana yin irin tasa a hankali, da shekaru da hayaƙi da gajiya. Waɗannan suna rage mata gudu, kamar fentin farko da kuke shafa wa ƙarfe."

Na ce ashe maganin tsufa ne, a ba ni buhu.

Ta ce, "Ya Hajj, kai jirginka ya daɗe a ruwa."

Sannan ta ƙara abu biyu. Irin waɗannan sinadaran suna cikin zogale da zoɓo da tumatir da lemo, ba sai an shiga teku ba. Kuma ba sa wanke dalma. Ganye ɗaya yana iya ɗauke da su duka biyun, mai kyau bai soke marar kyau ba.

Kuskure na uku ba nawa ni kaɗai ba ne, namu ne duka. In aka ce mana cokali yana da amfani, sai mu ɗauko ludayi. Na yi haka da man habbatus sauda har cikina ya ɗaure. Mata suna yi da kanwa a kunun jego. Maman Fikri ɗan yatsu take ɗiba ta jiƙa ta sa a tukunyar da gida duka zai sha. Mahaifiyarki kuwa safe da yamma, a kofin mutum ɗaya.

A ƙauyenmu ina da gwaggo, Tabawa, mai maƙoƙo a wuya kamar ƙwaryar sha. Ana cewa baki aka yi mata. Sai a makarantar dare na ji cewa rashin wani sinadari ne, aidin, wanda yanzu ake sawa a gishiri. Ciyawar teku cike take da shi, kuma wannan alheri ne. Amma likitar ta ce wasu irin, musamman masu kauri launin ƙasa, ɗan guntu ya wuce abin da jiki ke buƙata nesa, kuma yawansa yana rikita abin nan na wuya kamar yadda rashinsa ke yi. Shi kuma yana shiga nono sosai. Ta duba ta ce jinin da aka ɗiba a dugadugin Halifa bayan haihuwa lafiya lau ne. Amma tun da kin yi makonni kina sha kullum, ta ce ki daina safe da yamman nan, kuma ranar da kika kai shi allura a Yambu ki gaya wa likitan can abin da kika sha da tsawon lokacin. Kada ki ji kunya, kada ki rage. Shi zai ga ko a sake dubawa.

In kin yi marmari, ki saya a shago, a leda rufaffiya, wadda aka rubuta ƙasar da ta fito da ranar lalacewarta. Ki karanta bayan, ko da mahaifiyarki za ta ce kin gaji ubanki. Mai faɗi siririya kamar takarda ta fi sauƙi. Ki ci jefi-jefi kamar yadda ake cin ganda, ba kamar tuwo ba. Wadda ake dafawa ki jiƙa ki zubar da ruwan. Akwai wata baƙa mai kama da zare, da 'yar'uwarta launin ƙasa mai 'yan ƙulle-ƙulle kamar carbi, wadda teku ke yawan zubowa a gaɓa. Ta ce waɗannan sun fi tara zarniki, ki bar su gaba ɗaya. Ina jin ita ce Nasiru yake gani a bayan gidanku.

Ban ce ruwan Yambu gurɓatacce ne ba. Na taɓa kai kaya can, na ga matatun mai da jirage a jere, na kuma ga ruwa garai-garai har ana hango yashin ƙasa. Ban san abin da ke cikinsa ba. Nasiru bai sani ba. Ke ma ba ki sani ba, kuma ba za ki sani da ido ko da harshe ba. Abin da ba a sani ba ba a gwada shi a kan ɗan kwana arba'in.

Maganar aikawa da alhazai kuwa ta fi tsaya min a rai. Ke a nan aka haife ki, ba ki san nauyin sunan garin nan a can ba. Duk abin da aka ce daga Makka ya fito, a Rano ba a yi masa tambaya. Na ga tsohuwa tana adana ledar shago a ƙasan akwati don a nan aka sa mata dabino a ciki. In garin nan ya isa can, za a ba mai ciki, a ba mai jego, a lasa wa jariri don tabarraki. Ba wanda zai ce daga wace gaɓa. Mu mazauna, amanar wannan yardar a wuyanmu take. Kada hannunki ya shiga ciki.

Nasiru alheri yake nufi. Yaron Utaibiyya ne a nan cikin Makka, teku a wurinsa wurin hutu ne, kuma ya ga abin da zai ƙara wa matarsa lafiya. Kada ki ce masa Babana ya ce ba ka sani ba. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki miƙa masa takardar, ki tashi ki ba shi wuri. In ya ga dama ya kira ni, mu yi ta maza.

Ranar da aka haifi Halifa ni na tauna dabino na shafa masa a dasashi. Wannan ne kaɗai abin da ya shiga bakinsa daga hannuna. Sauran duk daga jikinki ne, har ya yi haƙori. Ni iyakata takarda.

A nan na tsaya jiya. Yau da safe, kina wanka, na karanta wa mahaifiyarki duka, don ba na son ta ji daga baya ta ce na zagaye ta. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba har na gama.

Ta ce, "Ciwon cikin nan sanyi ne."

Na ce haka na rubuta.

"Kuma Basudaniyarka ba ta taɓa jego a gidan Hausa ba."

Na ce haka ne.

"Kwalbata fa?"

Na ce tana aljihuna.

"Riƙe ta. Ka riƙa sha, ko tsatsar ta ragu."

Ta ture farantin shinkafar, ta ɗauki Halifa daga shimfiɗa, ta daɗe tana dubansa. Ta ce, "Maigida, ka ji abokin hamayyarka, wai za a ce ƙwaƙwalwar gidan ubanka ce. To ba a gidana ba." Ta kwantar da shi, ta buɗe akwatin da na ɗaure, ta zare tabarmar shanyar, ta ce da ma tana buƙatarta a saman bene. Turmin ta bar miki. Za ki same shi cike da kuka da zogale da busasshiyar kuɓewa, da ƙullin daddawa a sama. Ba ta ce na yi gaskiya ba, ni ma ban nema ba. Wataƙila nan da wata guda ta kira ki ta ce kin ɗebo kuwa? Ki ce Baba ya hana. Ki ɗora min, na saba.

Idan kun natsu, ku kai takwarana bakin teku da yamma. Ku tsoma masa ƙafa ya ji sanyi, ku ɗauki hoto ku turo min in kai wa Bayamane. Bokitin ki bar shi a gida.

Allah ya tsare ku a hanya da bayan hanya. Allah ya sa albarka a nononki, ya buɗe ƙwaƙwalwar Halifa, ya sa ya yi karatu da rana tun yana ƙarami, ba da dare da farin gemu irin na mai sunansa ba. Allah ya zaunar da ku lafiya ke da mijinki, ya haɗa mu da alheri. Na bar ku a hannun Allah.

Mahaifinki,
Idrisu.